Furen da ya zube bai yi gunda ba: yadda ɗan Adam ya gano 'yan aiken furanni

In ka taɓa shuka kabewa a bayan gida, mai yiwuwa ka ga wannan abu. Ta yi yaɗo ta rufe danga, ganye shar, furanni ruwan ɗorawa ko'ina. Kana ta jiran kabewa, amma kullum da safe sai ka tarar furannin jiya sun zube a ƙasa. Wasu ma har sun fara 'yar gunda kamar ƙwan kaza, sai ta yi rawaya ta ruɓe ta faɗi. Wani ya ce taki ne ya yi kaɗan, wani ya ce ruwa ne ya yi yawa, wani ma ya ce kambun baka ne.

Sau da yawa ba ko ɗaya. Kabewa furanni iri biyu take yi a jiki ɗaya. Akwai namiji, mai siririn wuya, wanda aikinsa kawai ya fitar da ƙurar fure, wato wannan garin mai rawaya da ke manne maka a yatsa. Akwai kuma mace, wadda za ka gane ta da 'yar gunda a ƙarƙashinta. Namijin dole ya zube, ba ya haihuwa. Macen kuma in ƙurar namiji ba ta iso ta ba, gundar ba za ta girma ba. Furen da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba zai sake buɗewa ba. Ƙurar tana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukar ta. Ke nan a cikin 'yan awoyin nan dole wani ya ɗauko ta daga wannan fure ya kai wancan. Wannan ɗan aike, galibi, ƙudan zuma ne.

Yau ana koyar da wannan a ƙaramar sakandare. Amma sanin bai daɗe ba, kuma ba a arha aka same shi ba. An yi asarar gonaki, wani malami ya rasa aikinsa, wani yaro bawa ya arzuta tsibiri guda ya mutu a talauce. Tarihin nan nake so mu bi tare, domin a ƙarshensa akwai abin da ya shafi lambunka.

Dabino ne ya fara koya mana

Tun kafin a san wani abu wai shi kimiyyar tsirrai, manoman dabino sun san cewa akwai bishiya namiji akwai mace. Namijin ba ya 'ya'ya, amma in babu shi macen ma ba ta yin na kirki. A daji iska ce ke kai ƙurar, sai dai hakan na bukatar maza da yawa, su kuwa maza suna cin fili suna shan ruwa ba tare da sun ba da ko ƙwaya ɗaya ba. Sai manoma suka yi dabara: a bar maza kaɗan, in lokaci ya yi a hau a yanko furen namijin, a hau macen a ɗaura shi a cikin nata furen.

Aikin ya tsufa ƙwarai. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila a ƙasar da yanzu ake kira Iraƙi, waɗanda aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai hukunci a kan mai gonar dabino da ya ba wani gonarsa don ya yi mata wannan barbara: mai gona ya ɗauki kashi biyu cikin uku, mai aikin ya ɗauki kashi ɗaya. A Sahihu Muslim ma akwai hadisin da ya ambaci mutanen Madina suna wannan aiki a gonakinsu. Har gobe haka ake yi, daga Saudiyya zuwa Bilma a Nijar, zuwa gonakin dabino na Jigawa.

Amma lura da wani abu. Mutane sun shafe shekara dubbai suna yin aikin da hannunsu ba tare da sun ɗauka cewa sauran tsirrai ma haka suke ba. An ɗauke shi a matsayin halin dabino shi kaɗai. Fure kuwa, a ganin yawancin masana na da, ado ne kawai, ƙudan zuman da ke sauka a kansa kuma ɓarawo ne da ya zo satar zaƙi.

Sai a 1694 wani likita Bajamushe a garin Tübingen, Rudolf Camerarius, ya gwada abin da hannu. Ya cire furannin maza daga jikin zurma, 'ya'yan suka fito fanko babu ƙwaya. Ya yanke gemun masara tun yana ɗanye, goyon ya tashi babu tsaba. Da wannan ya tabbatar cewa tsirrai ma suna da jinsi, kuma sai ƙura ta haɗu da ɓangaren mace ake samun iri. A 1761 wani Bajamushen, Joseph Kölreuter, ya rubuta cewa ya ga ƙwari na ɗaukar ƙurar daga fure zuwa fure. Saura a gane cewa ba haɗari ba ne, furen ne da kansa ke gayyatar su.

Shugaban makarantar da fure ya ɗauke wa hankali

Christian Konrad Sprengel ba masanin tsirrai ba ne ta fuskar karatu. Ilimin addini da harsuna ya karanta, a 1780 kuma aka naɗa shi shugaban wata makaranta a Spandau, kusa da Balin. Yawon daji da kallon ciyayi abin sha'awarsa ne kawai.

A 1787 yana duba wani ƙaramin furen daji sai ya ga 'yan siraran gashi a gindin kunnuwan furen, daidai saman inda ruwan zaƙi yake taruwa. Ya tambayi kansa: mene ne amfaninsu? Ya lura cewa suna hana ruwan sama shiga ya tsarma zaƙin, kamar yadda gira ke tare gumi kada ya shiga ido, amma ba sa hana ƙwaro zura bakinsa. To in fure yana kare zaƙinsa haka, don wa yake ajiye shi?

Shekara ta zagayo, ya tsaya kan wani fure shuɗi mai zobe rawaya a tsakiya. Ya ce wannan zoben alama ce, tana nuna wa ƙwaro ƙofar da zai bi. Daga nan ya fara ganin abin ko'ina: launi talla ne, ƙamshi kira ne, ɗigo-ɗigo da zane-zanen jikin fure hanya ce, zaƙi kuma ladan aiki. Ya gano cewa furannin da ke buɗewa da dare yawanci farare ne masu ƙamshi, domin a duhu launi ba ya aiki sosai. Ya gano cewa waɗanda iska ke yi wa aiki ba sa ɓata ƙarfinsu kan ado ko zaƙi, sai dai su zubo ƙura mai yawa marar nauyi. Tuna gonar gero lokacin da ta yi bununi, ko kan masara da ka girgiza ƙura ta tashi, za ka gane abin da yake nufi. Ya kuma gano cewa a furanni da yawa ɓangaren namiji da na mace ba sa nuna lokaci ɗaya, abin da ke tilasta a kawo ƙura daga wani furen.

A 1793 ya fitar da littafi da Jamusanci, ma'anar sunansa ita ce asirin halitta da aka gano game da ginin furanni da barbararsu. Ya yi bayanin tsirrai sama da 400, da zane-zanen da ya yi. Kusan babu wanda ya kula. Manyan masana na lokacin ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1794 aka sallame shi daga shugabancin makarantar, cikin zarge-zargen har da cewa ya yi sakaci da aikinsa. Ya koma Balin yana koyarwa a ɗaiɗaiku, ya rasu a 1816 ba tare da ya ga littafinsa ya yi daraja ba.

Sai a 1841 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya ba Charles Darwin shawarar ya karanta littafin. Darwin ya karanta, ya ga gaskiya a ciki, daga baya ya gina bincikensa na furanni a kai. Riƙe wannan shekara ta 1841, domin a cikinta wani abu ya faru a wani ƙaramin tsibiri mai nisa da Turai.

Yaro ɗan shekara 12 da tsinke

Ɗanɗanon banila da kake ji a askirim da kek daga kwafson wata shuka mai hawa bishiya yake fitowa, ko da yake yawancin na kasuwa yanzu haɗin masana'anta ne. Asalin shukar daga Meksiko ne, inda mutanen Totonak da Aztek suka daɗe suna amfani da ita. Turawa suka ɗauke ta suka kai lambunansu da ƙasashen da suka mallaka. Ko'ina ta kama, ta yi yaɗo, ta yi fure, amma babu kwafso. Irin matsalar kabewarka ke nan, sai dai a nan kuɗi ne masu yawa ke zubewa.

Dalili? A cikin furen banila akwai wani ɗan marfi da ya raba ɓangaren namiji da na mace. A Meksiko akwai ƙwarin da ke iya shiga su yi aikin. Turawa sun ɗauko shukar, sun baro ɗan aikenta a gida. Ga shi kuma kowane fure kwana ɗaya tak yake yi a buɗe. Wajen 1836 wani masani a Beljiyam, Charles Morren, ya yi nasarar barbararsa da hannu a ɗakin rainon tsirrai, amma hanyarsa ba ta bazu a gonaki ba.

A tsibirin Réunion, gabas da Madagaska, wanda ke hannun Faransa, akwai wani yaro bawa mai suna Edmond, an haife shi a 1829. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Ya tashi a gidan wani mai gona, Ferréol Bellier-Beaumont, wanda ke yawo da shi a lambu yana nuna masa tsirrai, har da yadda ake haɗa furen kankana namiji da mace da hannu. A 1841, yana ɗan shekara 12, Edmond ya zauna da furen banila ya gano inda namiji da mace suke ɓoye. Ya sa siririn tsinke ya ɗaga marfin, ya danna da babban yatsa, ɓangarorin biyu suka haɗu. Aikin 'yan daƙiƙoƙi. Maigidan ya ga kwafso a jikin shukar da ta shekara da shekaru ba ta haihu ba, bai yarda ba sai da yaron ya sake yi a gabansa.

Aka riƙa yawo da Edmond gona-gona yana koya wa sauran bayi. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare Réunion ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da banila, daga can kuma sana'ar ta tsallaka Madagaska, wadda ita ce ta fi kowa nomanta a yau. Shi fa? Da Faransa ta haramta bauta a 1848 aka ba shi sunan Albius. Bai sami komai daga dukiyar da dabararsa ta jawo ba. Ya yi aikin kicin, aka ɗaure shi bisa zargin sata, tsohon maigidansa ya yi ta rubuce-rubuce har aka sassauta hukuncin. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Jean Michel Claude Richard, ya fito ya ce ai shi ya koya wa yaron. Bellier-Beaumont ya ƙaryata shi a rubuce. Edmond Albius ya rasu a 1880 cikin talauci.

Har yau kusan duk kwafson banila na gaske da ke kasuwar duniya, mutum ne ya bi furensa ɗaya bayan ɗaya da tsinke, da irin motsin yatsan yaron nan. Shi ya sa take cikin kayan ƙamshi mafi tsada. Wannan shi ne farashin rashin ɗan aike.

Masu zuwa da dare

A farkon 1862 aka aiko wa Darwin wani farin fure daga Madagaska. A bayansa akwai wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 30, zaƙin kuma can a ƙasansa yake. Darwin ya ce lallai a tsibirin akwai wani ƙwaro, dangin malam-buɗe-littafi na dare, mai bakin da ya kai wannan tsawo, in ba haka ba furen ba zai wanzu ba. Wasu suka yi masa dariya. Ya rasu a 1882 bai ga ƙwaron ba. A 1903 aka bayyana shi a rubuce, da dogon bakinsa da yake naɗewa kamar tabarma. Sai a 1992 aka sami ganin sa yana shan zaƙin furen a zahiri, shekara 130 bayan hasashen.

Abin da wannan ya nuna shi ne, siffar fure tana gaya maka wanda yake jira. Ba sai ka je Madagaska ba. Ka duba kuka lokacin hudarta: furen babba ne, fari, yana reto a ƙasa da dogon igiya, da yamma yake buɗewa, warinsa ba daɗi, kashegari kuma ya fara yin ruwan ƙasa. Wa ke yawo da dare, yana son irin wannan wari, yana kuma bukatar fili don ya kama fure ya rataya? Jemage. A shekarun 1950 wasu masu bincike biyu a jami'ar Gana, Herbert Baker da B. J. Harris, suka kwana ƙarƙashin bishiyoyi suna kallo, suka rubuta yadda jemagu masu cin 'ya'yan itace ke yi wa ɗorawa da rimi barbara. Jajayen tuntayen nan na ɗorawa da ke reto kamar ƙwallo, da dare suke zubo zaƙi, jemage ya lasa ya tashi da ƙura a gashin ƙirjinsa. Da safe kuma ƙudan zuma su zo su ƙarasa. Ke nan daddawar da ke cikin miyarka da garin kukar da ake damawa, akwai hannun jemagen da yara ke jifa da gwafa.

An sake mantuwa: ɓaure da kwakwar manja

Za ka zaci bayan darasin banila an daina wannan kuskure. Ina!

Wajen 1880 manoman Kalifoniya a Amurka suka shigo da wani irin ɓaure mai daɗi daga yankin Izmir na Turkiyya. Bishiyoyi suka girma, 'ya'ya suka fito, suka zube tun suna ɗanye. Manoman Turkiyya da Girka sun daɗe suna rataya 'ya'yan ɓauren daji a rassan na gida, amma da yawa daga masu ilimin zamani na lokacin sun ɗauki hakan camfi. Ashe ba camfi ba ne. Furannin ɓaure a cikin ɗan suke ɓoye, ƙofa ɗaya ce ƙarama, kuma wani mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro ne kaɗai ke iya shiga. A cikin ɓauren daji yake hayayyafa, ya fito da ƙura a jikinsa ya shiga na gida. Sai da aka kawo ƙwaron daga Aljeriya a 1899 sannan gonakin Kalifoniya suka fara ba da amfani. In ka taɓa fasa ɓauren gida ka ga 'yan ƙwari a ciki ka yar, to irin waɗannan ne. Namu ɓauren ma yana da nasa ƙwaron, ba don shi ba da babu iri.

Labari na biyu ya fi kusa da mu. Ana yawan cewa Malesiya daga Najeriya ta ɗauki irin kwakwar manja ta zo ta fi mu. Gaskiya ne masu bincikensu sun tattara iri a Najeriya a shekarun 1970 don inganta nasu, amma bishiyar ta riga ta isa yankin tun 1848, lokacin da aka dasa guda huɗu a lambun Bogor a tsibirin Jaba na Indonesiya, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malesiya an buɗe ta a 1917. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗan ƙwaron da suka zo suka ɗauka daga baya.

Shekara da shekaru littattafai na cewa iska ce ke yi wa kwakwar manja barbara. A Malesiya, musamman a jihar Sabah, nonnan kwakwa ba sa cika, sai kamfanoni suka ɗauki ɗimbin ma'aikata suna bi bishiya-bishiya suna fesa ƙura da hannu. Wani jami'in kamfanin Unilever, Leslie Davidson, wanda ya taɓa aiki a Kamaru, ya tuna cewa a can ba a yin wannan wahala, kuma furannin cike suke da ƙwari. Aka tura wani masanin ƙwari ɗan Pakistan, Rahman Anwar Syed, zuwa Kamaru a 1977. Ya gano cewa wasu ƙananan ƙwari, dangin ƙwaron da ke huda masara a rumbu, su ke aikin. A furen namiji suke ci suke ƙwai, wani ƙamshi mai ƙarfi ne ke jawo su. Furen macen kuma ba ta da abin ba su, sai ta fitar da irin wannan ƙamshi ta yaudare su. Su sauka da ƙura a jiki, su ga babu komai, su tashi. Aiki ya gama.

Bayan an killace su an tabbatar ba za su ɓata wasu amfanin gona ba, aka sake su a jihar Johor a farkon 1981. Cikin ɗan lokaci suka bazu, aka daina barbara da hannu, nonnan suka cika. Ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sunansa na kimiyya ma, Elaeidobius kamerunicus, yana ɗauke da sunan Kamaru.

Idan ɗan aike ya ɓace a gida

Duk labaran nan na shukar da aka raba da ɗan aikenta ne ta hanyar tafiya. Akwai kuma hanya ta biyu: shuka na nan inda take, ɗan aiken ne ya ƙare. A wasu yankunan lardin Sichuan na ƙasar Sin, tun shekarun 1980 zuwa 1990, manoman tuffa da makamantanta suka koma hawa bishiya da 'yan burushin gashin kaza suna shafa wa furanni ƙura ɗaya-ɗaya. Dalilan sun haɗa da yawan feshin maganin ƙwari, da sare dazukan da ƙwarin ke zama, da shuka iri ɗaya tak wanda ba ya iya yi wa kansa barbara. Masu kiwon zuma ma suka ƙi kawo amyoyinsu don kada feshi ya kashe su.

A 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa, IPBES, ya fitar da rahoto cewa sama da kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna amfana da barbarar dabbobi, haka ma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure. Kada ka fahimce shi a baibai: gero, dawa, masara da shinkafa ba sa jiran ƙwaro, iska ko kansu ke yi musu. Tuwo ba zai ɓace ba. Abin da ke cikin haɗari shi ne miya da marmari da abin sayarwa: kabewa, kankana, gurji, agushi, mangwaro, kaɗanya. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma tana ƙara yawa da ingancin auduga da riɗi.

To, me za ka shuka?

Abu na farko, ka cire a ranka cewa ƙudan zuma iri ɗaya ne. Akwai nau'o'i wajen 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, ba sa zama cikin amya. Kowace mace ita kaɗai take haƙa raminta a ƙasa ko a busasshen itace. Babban baƙin nan mai ƙugi da ke huda azara, wanda ake kora da tsintsiya, yana cikin masu aiki a furen zogale. Tumatir, gauta da yalo kuma ƙurarsu a kulle take cikin 'yan bututu, sai an girgiza take fita. Irin waɗannan masu ƙugin su ke kama furen su kaɗa shi da jikinsu, abin da ƙudan zuman amya ba ya iya yi. Mangwaro kuwa ƙudaje na cikin manyan masu yi masa aiki, gwanda kuma 'yan malam-buɗe-littafin dare.

Sai ka yi amfani da darasin Sprengel. Tun farkon ƙarni na 20 Karl von Frisch, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya nuna cewa ƙudan zuma na bambance launi. Shuɗi da rawaya da fari sun fi jan su, ja kuwa ba sa ganin sa sosai. Fure mai buɗaɗɗiyar fuska ya fi musu sauƙi a kan furannin ado masu kunnuwa ninki-ninki, waɗanda galibi an canja su har ba su da ƙura ko zaƙin kirki.

Ba sai ka sayo irin waje ba. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a, in ka bar wasu suka yi fure maimakon ka tsinke duka, za ka ga yadda ake cincirindo a kansu. Haka albasa da karas, ka bar 'yan kaɗan su yi kai. Riɗi layi ɗaya a gefen fage, zogale a jikin katanga, lalle a matsayin shinge. Muhimmin abu shi ne kada a sami watan da babu fure ko ɗaya, musamman da rani. Nan bishiyoyi ke shigowa: magarya na huda wajen ƙarshen damina, gawo kuma da farkon rani, lokacin da ciyawa ta bushe, sai mangwaro da darbejiya su biyo baya. Mai sare gawo don itacen girki, abincin ranin ƙudan zuma yake sarewa.

Ka ajiye ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki don su sami wurin tsayawa kada su nutse, kana canja shi kowane kwana biyu saboda sauro. Ka bar wani lungu na lambu ba tare da ka kafce ko ka ƙone ba, da ɗan guntun busasshen itace. Feshi kuwa, in ya zama dole, kada ka yi shi da safe lokacin da furanni ke buɗe ƙwari na kai. Ka bari sai yamma liƙis, kuma in da hali ka kauce wa makonnin da shukar ke tsakiyar fure. Manomin kankanar da ya yi feshi da hantsi, ya kashe ɓarawo ya haɗa da ɗan aike.

In kuma bana ka riga ka makara, gundar kabewarka na ta zubewa, to ka yi abin da aka nuna wa Edmond da furen kankana. Ka fita bayan sallar asuba da gari ya waye, ka tsinko furen namiji da ya buɗe a ranar, ka cire kunnuwan ya rage tsinken tsakiya mai ƙura, ka goga shi a hankali a tsakiyar furen mace. Namiji ɗaya zai ishi mata biyu ko uku. Bayan kwana uku zuwa huɗu ka dawo ka duba: in gundar ta yi kore ta fara kumbura, ta kama. Ka ƙirga minti nawa ka ɓata a kan furanni goma, sannan ka tuna cewa akwai masu yi maka wannan kullum kyauta, muddin ka bar musu abin ci da wurin kwana.